'Yan Kos: Fita Koyon Aikin Injiniya daga Ƙasar Gwarzo da Kabo

Tafiya neman aiki ba baƙon abu ba ce a ƙasarmu. Tun kafin a san wani abu wai shi digiri, da an kai dawa rumbu samarin Durun da Gude da Garo da Getso ke ɗaure ƙunshi su bazama cin rani. Wani ya tsaya birnin Kano yana ga-ruwa, wani ya nausa Jos haƙar kuza. Hausawa masu niyyar Makka a ƙafa kuwa Sudan ke tsayar da su. Turawan Ingila sun gama madatsar Sennar a 1925, gonakin audugar Jazira na neman hannu, mutanenmu suka yi shekaru a can suna tara guzuri, zuriyar wasunsu na nan har yau. Dattawa ba su cika hana tafiya ba. Abu biyu suke tambaya: wurin wa za ka sauka, kuma yaushe za ka juyo. Amsar ta biyu kowa ya san ta, sai ruwan shuka, domin gona na nan tana jira.

Ni aikin ruwa na yi har na yi ritaya, tsakanin ɗakin gwajin ƙasa da bakin madatsu, kuma na ga fitar injiniyoyi ƙasar waje iri-iri. Waɗanda suka fita suna da amsar tambayoyin nan biyu sun ci riba. Waɗanda suka fita da amsa ɗaya sun dawo da ilimi mai kyau, suka rasa wurin ajiye shi.

Al'adar ta girmi Nijeriya kanta. A 1890 gwamnatin Turawa ta Legas ta tura Herbert Macaulay garin Plymouth na Ingila, aka danƙa shi hannun injiniyan garin ya koyi awo da aikin gine-gine a bakin aiki. Ya dawo a 1893 aka ba shi safiyon filayen gwamnati. Shi ne dai mutumin da ciwon ajali ya kama a Kano a 1946 yana rangadin siyasa. Tsarin Ingila ke nan tun fil'azal: ba a kiran mutum injiniya don ya ci jarrabawa kawai, sai ya yi shekaru a ƙarƙashin wani injiniyan da zai shaide shi. Da yake manyan injiniyoyin da ke nan kusan duk Turawa ne, ɗan ƙasa mai son a shaide shi sai ya haye teku. Shi ya sa ma Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya a Landan aka kafa ta, a 1958, ba a Legas ba. Arewa ta makara a wannan fage. Kwalejin Zariya ta fara koyar da injiniyanci a shekarun 1950, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma mu a ƙauyukanmu wanda ya san inji shi ne tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Bama da tuƙi da kanikanci, ko yaron da ya koyi walda a ma'aikatar En'e.

Ruwa ne ya sauya lissafin. Audu Bako ya riƙe jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya sa gina madatsu a gaba. Aka yi Bagauda, sannan Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da farin 1973 ke kashe shanu yana koro mutane daga arewa. Tiga kaɗai tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Bayanta hukumar ayyukan ruwa da gine-gine ta jiha, wadda kowa ya sani da WRECA, ta bi ƙoramu tana tarewa: Watari a Bagwai, a nan yammacinmu kuma Guzu-Guzu da Magaga da Pada. Babbar madatsar Challawa ta Karaye ma ita ta faro ta, kafin gwamnatin tarayya ta karɓa, Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, tsayinta mita 42, tsawonta ya kusa kilomita 8. Abin da matasan yanzu ba su sani ba shi ne, da yawa daga ƙananan madatsun nan ba ɗan kwangila aka bai wa ba. Hukumar ce da kanta, da katafilolinta da giredodinta da tifofinta da ma'aikatanta, sai baƙin injiniyoyi 'yan kwantiragi da ke duba aiki. Yaron da ya fito daga makarantar sana'a ta Wudil ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, ranar da ya kama aiki ranar zai shaƙi ƙura.

Madatsar ƙasa laka ke riƙe ta. A tsakiyarta ake tayar da bangon jan laka daga gindi har sama, shi ke hana ruwa ratsawa. Tifa ta juye, gireda ta baje shimfiɗa mai kaurin taƙi guda, tankar ruwa ta yayyafa, rola mai ƙafar tunkiya ta yi ta kai-kawo har sawunta ya daina nutsewa. Sannan mu zo. Mu haƙa ɗan rami a cikin shimfiɗar, mu auna ƙasar da muka fitar a sikeli, mu cika ramin da yashin da muka san nauyinsa don mu gane faɗin cikinsa, mu gasa samfuri mu ga yawan ruwan da ke ciki. In lissafi bai kai ba, a kankare shimfiɗar nan kaf a sake, ko da an wuni ana yinta. Muna da wani heluma, dattijo mutumin Lakwaya, wanda bai taɓa zama a aji ba. Shi damƙar lakar yake ya matse. In ta dunƙule ba ta jiƙa masa tafi ba, ta yi. In ta tsattsage, tana son ruwa.

Akwai wani matashin injiniya da aka tura kos Ingila ya dawo ya same mu a wurin. Wata safiya heluman nan ya matsa laka ya girgiza kai.

"Injiniya, ranka ya daɗe, wannan ta sha ruwa da yawa."

"To Baba, bari sikeli ya raba mu."

Sikeli ya bai wa Baba gaskiya, injiniya ya sa aka buɗe shimfiɗar ta sha rana. Amma shi ma ya zo da abin da hannun Baba ba zai gane ba. Shi ya nuna mana dalilin jera yashi da tsakuwa daki-daki a bayan bangon lakar, don ruwan da ya samu hanya ya wuce ba tare da ya kwashi ƙasa ba. Shi ya koya wa masu gadi duba ruwan da ke tsatsafowa a gindin madatsa: in garau yake, a auna a rubuta, in ya zo da launin ƙasa, a tashi kowa daga barci. Bai yi wata shida a Turai kafin ya fahimci waɗannan ba, saboda kafin ya tafi ya riga ya yi shekaru a kan irin wannan bango, ya san abin da ke ba shi wahala, ya san abin da zai tambaya.

Haka kos yake a lokacin. Kana da kujerarka, albashinka na tafiya iyali na karɓa, ka sa hannu a takardar alkawari cewa za ka dawo ka yi wa hukuma aiki na shekaru kaza. Ranar da ka sauka a filin jirgin Kano akwai madatsa ko injin tace ruwa da ke jiranka. Rabi'u Musa Kwankwaso ta wannan hanya ya bi: makarantar sana'a ta Wudil, kwalejin Kaduna, ya shiga WRECA a 1975, sai a farkon shekarun 1980 ya tafi Middlesex da Loughborough a Ingila, ya dawo da digiri na biyu a injiniyancin ruwa a 1985, ya ci gaba da aiki a hukumar har 1992. Abba Kabir Yusuf ma a nan ya yi aiki. Ko mutum na sa jar hula ko ba ya sawa, wannan tarihi ne a rubuce, kuma ba su kaɗai ba ne, su ne dai siyasa ta fito da sunansu.

Wani rukunin kuwa bai yi wannan sa'ar ba. Kuɗin mai ya shigo, ƙasa ta ga ba ta da masu riƙe injunan da take saye. A 1977 gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin gaggawa, ta kwashi dubban matasa zuwa Amurka da Kanada da ƙasashen Turai na gabas da na yamma su koyo aikin fasaha. Ga kuma mafarkin ƙarfe. An kafa hukumar bunƙasa ƙarafa a 1971, aka sa hannu a kwangilar Ajaokuta da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet a 1979, Shagari ya ɗora harsashi a 1980. Aka tura injiniyoyi da masu fasaha masana'antun ƙarfe na Sobiyet da Indiya. Su kam aiki suka yi na gaske, ba yawon buɗe ido ba, sun tsaya gaban wuta suna karɓar aiki daga hannun masu shi dare da rana. A nan kusa da mu, kamfanin Kobe Steel na Japan ya gina masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina, aka buɗe a 1982, da nufin fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara. Sai dai sandunan ƙarfen da za ta mulmula daga Aladja kusa da Warri za a ɗauko su a mota, tun daga bakin teku har bakin Sahara. Farashin mai ya faɗi, tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, Aladja ta kasa wadatar da kowa. Babbar tukunyar narka tama ta Ajaokuta kuwa har yau ba a taɓa hura ta ba.

Wani da muka yi firamare tare yana cikin waɗanda suka je Rasha. Ya dawo yana jin Rashanci, da hotonsa cikin dusar ƙanƙara da hular gashi, aka kai shi wata masana'antar gwamnati da ba sai na kama suna ba. Ya yi shekaru yana zuwa da safe ya goge injin da ba ya juyawa, albashi ya koma zuwa wata uku sau ɗaya. Ƙarshe ya tattaro ya dawo gida, ya kafa rumfa a bakin tasha yana gyara wa manoman rani injinan ban ruwa. Ilimin bai gudu ba. Sai ya kara guntun ƙarfe a injin gurza, ya dubi tartsatsin, ya ce wannan ba zai yi shaf ba, kwana biyu zai lanƙwashe, a samo na tsohuwar mota. Manoma daga Karaye har Bagwai suna nemansa. Amma ba don gyaran injin mai doki biyar ƙasa ta kashe masa kuɗin jirgi ba. Masu cewa horon waje ne bai yi amfani ba, ban yarda da su ba. Horon ya yi, masana'antar ce ba ta tashi ba, kuma wannan ba laifin wanda aka tura ba ne.

A gida ma wani abu ya zube wanda ba a yi masa kuka sosai ba. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, ya fito da shirin SIWES a 1973, wanda ke kai ɗalibi masana'anta ya yi watanni kafin ya gama karatu. Lokacin Bompai da Sharaɗa da Challawa na hayaƙi, masaƙu na aiki dare da rana, ana haɗa manyan motocin Fiat a Kano, ana haɗa Fijo a Kaduna tun 1975, ɗalibi na samun inda zai ƙona yatsa. Da masana'antun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai shirin ya koma yawo da takarda ofis-ofis ana neman mai buga hatimi. Yau yaron Durun zai hau motar Gwarzo ya sauka a ƙofar sabuwar Jami'ar Bayero, ko ya wuce Wudil, ya yi shekara biyar, ya fito da kwali mai kyau, bai taɓa kwance injin da ya fi janareto girma ba. 'Yan kos na da sun fita ne su ƙara a kan abin da hannunsu ya riga ya sani. Na yanzu fita suke su fara, shi ya sa kuskure a zaɓen wuri ya fi yi musu tsada.

Daga 2012 gwamnatin Kano ta sake buɗe ƙofar waje da faɗi. An tura ɗalibai 501 karatun digiri na biyu, aka kai matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgin sama, a 2023 kuma aka sake da wasu 1,001 zuwa Indiya da Yuganda. Da yawa sun dawo suna koyarwa a jami'o'in jihar, abin a yaba. Matuƙan jirgi da yawa kuwa sun daɗe suna jira, domin lasisin farko ba ya isa kamfani ya ɗauke ka sai da ƙarin horo a kan nau'in jirgi da tarin awoyin tashi, dukansu kuɗi ne. Waɗanda aka kai Saifurus ta Arewa takardunsu suka maƙale shekaru saboda bashin kuɗin makaranta, sai daga baya aka biya aka karɓo. Amma duk wannan aji ne, ba bakin aiki ba. Wanda ya fi kama da kos na da shi ne abin da matatar Ɗangote ta yi: tana kan gini ta riƙa tura matasan injiniyoyinta matatun mai na Indiya rukuni-rukuni, suka dawo suka tarar da matata mai tace ganga 650,000 a rana, wadda aka buɗe a 2023.

Ɗan ƙanena ya karanta injiniyancin lantarki, ya yi bautar ƙasa, ya koma koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. Bara ya zo mini da takarda a wayarsa. Wani kamfanin gine-gine ne a ɗaya daga ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, aikin koyo na shekara biyu. Wani ejan a Kano ne ya samo, yana neman miliyoyi, ƙanena har ya fara maganar jinginar da filin fadama. Uwar yaron ita damuwarta ɗaya ce, a ɗaura masa aure kafin ya tafi.

"Baffa, duba albashin mana. In aka canza, na wata biyu ya fi abin da nake samu a shekara."

Bai yi ƙarya ba. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kowane kuɗin waje ya zama dukiya a ido.

"Albashi na gani, ɗana. Nuna mini sunan aikin da za a rubuta a bizarka."

Muka karanta takardar daga sama har ƙasa, babu. Nan gizo ke saƙar. A ƙasashen can abin da aka rubuta a katin zamanka shi ne kai. In an rubuta lebura, ko da kai ke zana layin wutar, takardar shaidar da za ka fito da ita ta lebura ce. A Saudiyya ma ba ka aiki da sunan injiniya sai majalisar injiniyoyinsu ta yi maka rajista. Tsarin kafala da ke ɗaure ma'aikaci a hannun wanda ya kawo shi an sassauta shi, Katar a 2020, Saudiyya a 2021, kuma doka ta hana riƙe fasfon ma'aikaci, amma har yanzu ƙorafin riƙe fasfo bai ƙare ba. A gida kuma COREN, majalisar da aka kafa a 1970 don yi wa injiniyoyi rajista, tana neman shekara huɗu na aiki bayan digiri, aikin da wani injiniya zai tsaya ya ce a gabansa aka yi. A 2023 ta samu gurbin wucin gadi a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amince wa digirin injiniyancin juna a ƙarƙashinta, amma wucin gadi bai kai a karɓi kwalinka kai tsaye ba. Shekara biyu da babu sa hannun kowa a kansu, a lissafin sana'a, ba a yi su ba.

Na ce ya bar ejan gefe ya rubuta wa kamfanin da kansa. Ya tambayi sunan injiniyan da zai yi aiki a ƙarƙashinsa, da wanda zai biya tikiti zuwa da dawowa, da abin da zai faru in wuta ta ja shi a bakin aiki. Ejan kuma ya nuna lasisinsa na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, tunda doka ta ce sai da shi ake ɗaukar mutane aiki waje. Ƙanena ya ga kamar ina neman ɓata wa yaro sa'a, muka yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Tambayar da ta fi nauyi ban yi wa kamfani ba, shi na yi wa: in ka dawo, me za ka tarar? Gwamnati ba ta ɗaukar injiniyoyi irin ɗaukar da. Madatsun da muka gina suna nan, yashi da laka na cinye cikinsu. Da aka tashi saka injinan samar da wuta a Tiga da Challawa, kamfanin Indiya aka bai wa, a kan bangon da hannun Kanawa ya daddaɓe. Abin da ke yaɗuwa a ƙasar Kabo da Gwarzo yanzu shi ne sola: rijiyoyin burtsatse, famfunan ban ruwa a fadamu, batura da inbata a shaguna da asibitocin ƙauye, ga taransifomomin da in sun ƙone gari ke wata shida a duhu. Abokina na Rasha rumfar gyara ta zame masa dole. Wannan yaron in ya yi wayo zai iya zaɓenta da kansa, ya shige ta da ilimin da ba kowa ke da shi ba. Na ce masa duk abin da za a koya masa a can, ya fi sa ido a kan wanda zai iya sayarwa a Getso ko da babu gwamna a kusa.

Amsar kamfanin ta zo bayan sati uku, rabi daɗi rabi akasi. Mai fasahar lantarki za a rubuta masa, ba injiniya ba. Amma sun faɗi sunan injiniyan, wani Ba'indiye, aikin kuma na ƙananan tashoshin rarraba wuta ne, tikiti nasu ne, kuma sun ce su ba su sa kowa ya karɓi kuɗi a madadinsu ba. Da aka nuna wa ejan wannan layin sai miliyoyin suka sauko suka koma kuɗin cike takardu. Ƙanena ya sayar da bijimi ɗaya aka yi gwajin lafiya da biza. Auren aka ɗage.

Bayan Babbar Sallah ya tafi. Na haɗa shi da littafi mai bangon kwali, na ce kullum ya rubuta abin da ya yi da hannunsa, ƙarshen wata ya kai wa Ba'indiyen ya sa hannu da kwanan wata. Yakan ɗauki hoton shafin ya turo mini ta WhatsApp. Na watan jiya gwajin man taransifoma ne da saita na'urar da ke katse wuta in layi ya samu matsala. Na watan da ya gabace shi kuwa, daga ɗaya har talatin, jan waya ne daga sito zuwa rami.